Dalilin da ya sa ba ma kama sunanka

Babana,

Saƙonka ya iso. Ƙanwarka ce ta karanta mini, ita ce kuma take rubuta wannan, don idona ya fara gardama. Ka ce abokan aikinka a Legas sun ga wani suna a katinka, sun ji kuma 'yan gida na kiranka Abba, suka tambaye ka wanne ne na gaskiya. Kana so ka ji abin da ya sa ba ka taɓa jin sunanka na yanka a bakin mahaifinka ba, da kuma ko addini ne ya ce a yi haka, tunda ga iyalinka ta kusa sauka.

Ba addini ba ne, al'ada ce, alkunya ce irin tamu. Sunan da liman ya raɗa maka ranar bakwai, aka yanka rago a kansa, shi ne sunanka duniya da lahira. Amma sunan mahaifinmu ne, kuma ɗan Bahaushe ba ya buɗe baki ya kama sunan ubansa gatsau. To yaya zai yi ranar da ka yi ɓarna? Ya daka wa sunan ubansa tsawa a tsakar gida? Shi ya sa ake sakayawa, a ce Abba ko Baffa ko Kalifa, mace kuma mai sunan kaka a ce Ummi ko Mama. Ni na zaɓi Babana. Marigayiya Inna kuwa, ka tuna, Maigida take ce maka, tana tsokanarka wai ba ka ba da kuɗin cefane ba. Ita da ta yi zaman aure da mai sunan har ya koma ga Allah, ban taɓa jin ta furta shi ba ko da a mafarki.

Sai dai na lura ka san an sakaya sunan, ba ka san mai shi ba. Wannan laifinmu ne.

Kakanka marini ne a Ƙofar Mata, karofin nan da aka ce tun 1498 ake rini a cikinsa. Ni ce mai kai masa fura da hantsi, don haka na ga aikin da idona. Rijiyar rini ta fi tsayin mutum zurfi. A zuba ruwa da toka da baba, wato ganyen da ke ba da shuɗin, a bar shi kwanaki yana ruɓa, ana motsawa da doguwar sanda har kumfa ya taso. Warin kuwa, sai wanda ya saba. Shi da ya sunkuya ya shaƙa, ya ɗebi ruwan a tafin hannu ya duba, ya san ko ya nuna ko da saura. Abin da ya fi ba ni mamaki ina yarinya shi ne idan ya tsamo zane, kore-kore yake fitowa, sai ya ɗaga shi iska ta buge shi, a gabanka ya rikiɗe ya koma shuɗi. Ya sake tsomawa, ya sake ɗagawa, haka zai wuni a tsugunne. Turkuɗi mai duhun nan ba a samunsa da gaggawa. Daga nan a kai mabuga a yi ta dukansa da shuni har ya riƙa walƙiya kamar rawani ɗan Kura.

Hannayensa shuɗaye ne har gwiwar hannu, farcensa kuwa baƙi ƙirin. Sabulu bai taɓa cin nasara a kansu ba. Da aka fara kawo galura daga kanti, wasu suka riƙa haɗawa don aiki ya yi sauri, shi ya ƙi. Ba wa'azi ya yi wa kowa ba. Cewa kawai ya yi wanda ya biya kuɗin baba, baba zai samu. Mun ji jiki a kan haka, ba zan ɓoye maka ba, akwai sallar da muka yi da tsofaffin kaya, kuma Inna ta yi mita.

Manyan masu sayensa Buzaye ne daga wajen Agadas. Sukan ɗauki kaya bashi, su biya idan ayari ya dawo, babu takarda babu shaida. A 1973, shekarar da aka daina fam da sule aka koma naira da kwabo, fari ya cinye musu dabbobi. Da yawansu suka gangaro Kano suna neman aikin gadi. Wata rana da yamma ɗaya daga cikinsu ya yi sallama a zaurenmu, mutumin da a da yake zuwa da raƙuma, ya zo ba shi da komai sai takobinsa, ya ajiye a gaban Baba wai a riƙe a madadin bashi. Ina bayan ƙofa da kwanon tuwo. Baba ya tura masa takobin, ya ce bashin ya bi raƙuman, ya ce in kawo tuwon. Bai sake tayar da maganar ba, mu ma ya hana mu.

Ba malami ba ne, izu kaɗan ya haddace. Amma da an kira azahar zai rataye zanen da ke hannunsa ko da rinin zai yi dabbare-dabbare, kuma duk daren Juma'a akwai kwanon almajirai daban. Shi ne kuma ya sa mahaifinka a boko bayan makarantar allo, maƙwabta na ta surutu. Ya ga atamfar masaƙun Kaduna ta cika Kasuwar Kurmi, ya san rini ba zai riƙe 'ya'yansa yadda ya riƙe shi ba. Ana cewa kyan ɗa ya gaji ubansa, amma shi da kansa ya janye ɗansa daga bakin rijiya, kuma na san abin ya yi masa ciwo. Waɗanda suka yi masa wanka sun ce har cikin likkafani da shuɗin hannunsa ya tafi.

Game da abin da za a haifa maka, idan namiji ne kuma ka sa sunan mahaifinka, to ka sakaya, don ba za ka iya kamawa ba, bakinka ma ba zai yarda ba. Abin da ba na so shi ne irin na yanzu, a ɗauko wani laƙabi daga fim a liƙa wa yaro, ya girma ba wanda ya san takwaran wane ne. Ka zaɓi wanda duk mai ji zai gane akwai babba a bayansa. Idan mace ce, sunan Inna har yau ba wanda ya mayar a ɗakinku, na dai faɗa.

Akwai turkuɗi ɗaya na rinin hannunsa a ƙasan adakata. Idan an sauka lafiya ka turo a karɓa a yi goyo da shi, amma ka gaya wa iyalinka yana zuba, kada ta haɗa shi da fararen kaya wajen wanki. Ka gaishe ta da jiki.

Gwaggonka