Tambayoyin Masu Sana'a: Ciniki na tafiya, jari na narkewa

Tambaya: Ina da gidan burodi a Kano, muna kwaɓa buhu goma na fulawa a rana, kuma burodin ba ya kwantai. Amma duk ƙarshen wata sai na ranto kuɗi kafin na sake saro fulawa. Ina kuɗin ke zuwa? Daga wani mai gidan burodi, Kurna.

Amsa: Alhaji, wuri na farko da za ka duba shi ne yadda kake lissafin riba. Yawancin masu sana'a suna cire kuɗin da suka sayi kaya daga kuɗin da suka sayar, abin da ya rage su kira shi riba. Wannan lissafi yana aiki ne a lokacin da farashi ke zaune. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, aka kuma saki darajar naira a watan Yuni, ya daina aiki. A ce ka sayi buhun fulawa mai kilo 50 a kan naira 60,000, bayan ka cire sukari da bota da yis da itace da ladan ma'aikata ka ga rarar 6,000. Da ka koma kasuwar Singa sai ka tarar buhun ya koma 65,000. Ribarka ta gaskiya 1,000 ce. Idan ka riga ka kai 6,000 ɗin gida, to 5,000 daga jari ka ci. A buhu goma, 50,000 ke nan a rana guda. Saboda haka ka riƙa sa farashi bisa abin da za ka biya in ka je sake saro kaya, ka manta da abin da ka biya jiya.

Sai injina. Janareta da injin kwaɓi suna tsufa kullum, amma ba sa zuwa karɓar albashi, shi ya sa ake mantawa da su. In janaretan na naira miliyan 3 ne, kana sa ran zai yi shekara biyar, to yana cin 50,000 a wata ko ka rubuta ko ba ka rubuta ba. Ka buɗe wa wannan kuɗi asusu na daban. Idan kana kan layin Band A na kamfanin rarraba wutar lantarki na KEDCO, wato rukunin da ya fi samun wuta, ka tuna a watan Afrilun 2024 kuɗin wuta ya ninka fiye da sau uku, don haka duk farashin da aka tsara kafin nan ya tashi aiki.

Akwai kuma ɓarnar da ake yi a kan tebur. Ka sa sikeli kusa da mai yankan kwaɓi ka tsaya ka gani. In kowane curi ya ɗara da giram 20, a burodi 500 ka yi kyautar kilo 10 na kwaɓi, ba wanda ya gode maka. Ka auna burodi nawa ya kamata buhu ɗaya ya bayar a kowane girma, ka rubuta a bango, kowace safiya a gwada da abin da ya fito daga tanda.

Bashin masu shayi da masu shaguna shi ma jarinka ne a aljihun wasu. Kowa ya sami shafinsa a littafi da iyakar abin da zai iya ɗauka, wanda bai biya na jiya ba kada a sauke masa na yau. Sannan ka yanka wa kanka albashi. Cefane da kuɗin makaranta da gudummawar biki su fito daga ciki, kada hannu ya riƙa shiga akwatin ciniki.

Tambaya: Ina haɗa yaji da garin kunu, manyan shaguna sun fara nema. Na je banki neman kuɗin injin niƙa da na liƙe leda, aka ce ban cika sharaɗi ba. Kuma ba na son kuɗin ruwa. Daga wata mai sana'a, Zariya.

Amsa: Hajiya, banki takarda yake karantawa. Ki fara da rajistar sunan sana'a a hukumar rajistar kamfanoni ta CAC, ki buɗe asusu da wannan suna, duk cinikin ya riƙa bi ta cikinsa, har wanda aka biya hannu da hannu. Bayan wata shida zuwa shekara kina da shaidar shiga da fitar kuɗi, wadda ita ce abin da ma'aikacin banki zai fara nema. Rajista da SMEDAN, hukumar bunƙasa ƙanana da matsakaitan sana'o'i, ita ma tana da amfani, don shirye-shiryen tallafi da dama suna tambayar ta.

Tunda abinci ne, lambar NAFDAC, hukumar kula da ingancin abinci da magunguna, dole ce kafin kayanki su hau kantar babban shago. Za su zo su ga wurin aiki, saboda haka ki ware ɗaki daban da madafar gida, mai tsafta da raga a taga. Ledar kuma ta nuna suna da adireshi da abubuwan da aka haɗa da ranar yi da ranar lalacewa.

Maganar kuɗin ruwa kuwa, akwai bankunan da ba sa mu'amala da shi, kamar Jaiz da TAJ da Lotus. Abin da ya dace da buƙatarki shi ne murabaha: banki ya sayi injin, ya sayar miki da ribar da kuka amince tun farko, ki riƙa biya kashi-kashi. Kada ki ɗauka araha ce, ki tambayi jimillar abin da za ki biya, ki raba da watanni, ki gani ko ribar wata za ta ɗauka. In ba ki da takardar fili, ki sani tun 2017 doka ta amince a jinginar da kadarar da ake iya ɗauka, kamar inji, a yi mata rajista a ƙarƙashin Babban Banki, ko da yake ba kowane reshe ne ke saurin karɓa ba. A ganinmu ma injin liƙe leda bai kai a ci masa bashi ba, kwasar adashi ɗaya za ta saya. Duk wanda ya ce ki biya kuɗin fom don a sa sunanki a tallafin gwamnati, ki kama jakarki.

Tambaya: Ƙanena ne ke kula da shagona a Kantin Kwari, yadi na ɓacewa, kuma ina jin nauyin yi masa magana. Daga wani ɗan kasuwa, Fagge.

Amsa: Malam, kafin zargi ka gyara tsari, don wataƙila rashin rubutu ne. Mai riƙe makullin sito daban, mai karɓar kuɗi daban. Kowace dila da ta shigo a rubuta, kowane turmi da ya fita a yanka masa rasit mai lamba. Ranar da kuka ware a mako a ƙirga kaya gaba ɗaya, kai ma kana tsaye, dokar kuma ta hau kan kowa har da kai, ta yadda ƙanen naka ba zai ga da shi ake ba. Ka kuma tambayi kanka ko kana biyansa. Ɗan'uwan da aka bari a kan "ai namu ne" shi zai yanka wa kansa albashi. Ku zauna gaban wani babba a gidan, a rubuta albashinsa ko kasonsa na riba, da lokacin da za ka sallame shi da jari.

In dukiyar ta yi kauri, ka mayar da shagon kamfani. Dokar kamfanoni ta 2020 ta ba mutum ɗaya damar kafa kamfani shi kaɗai. Ranar da ta Allah ta kasance, magada za su iya raba hannun jari bisa kason da shari'a ta ba kowa, shagon ya ci gaba da buɗewa, maimakon a kasa atamfa da shadda a tsakar gida.