Jinka, Langa da Kunnen Doki

Tambaya: Wani mai karatu daga Zariya ya ji mai sharhi ya ce "sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi" bayan an tashi wasan ƙwallon ƙafa, yana son sanin ko maganar ta dace.

Amsa: Ba ta dace ba, kuma na gaji da jin ta a bakin masu sharhi. Kowace ƙungiya da 'yan wasa 11 take shiga fili, to ina yawan yake, in ba alƙalin wasa ne ya kori wani ba? Wadda ta dace ita ce "hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka", sai dai samarin da suka tashi a ƙarƙashin rufin kwano ba su san nauyinta ba. A ƙasa ake ɗaure jinka, sannan a kira maƙwabta su kewaye ta, su ɗaga a lokaci guda su ɗora a kan ɗaki, kuma idan ɗaya ya riga sauran ko ya yi sanyin jiki, sai ta karkace. Abin da wasan ƙungiya ke koya wa yaro ke nan: ya san gurbinsa, ya miƙa ƙwallo ga wanda ya fi shi kusa da raga, ko da ransa yana son a ambaci sunansa. Ba kuma wurin Turawa muka fara ganin haka ba. A langa, wanda ake kira ruwa shi ake so ya isa, sauran kuwa suna tsalle da ƙafa ɗaya suna tare masa abokan karawa, suna faɗuwa dominsa, amma idan ruwa ya sha, ɓangaren ne gaba ɗaya ya ci.

Tambaya: Da canjaras da kunnen doki, wanne ne daidai?

Amsa: Duka daidai ne, amma na fi son na biyun, domin duk wanda ya taɓa duban doki ya san babu kunnen da ya ɗara ɗan'uwansa.

Tambaya: Shin kalmar ƙwallo aro ce?

Amsa: Ba aro ba ce. Mun san ƙwallon goruba tun kafin mu san raga.

Tambaya: Mece ce ma'anar "sai masu gida"?

Amsa: Kirarin Kano Pillars ne, ƙungiyar da aka kafa a 1990, wadda ta ci gasar Najeriya a 2008, 2012, 2013 da 2014. Manufarsa ita ce babu mai iko da filin sai su, kuma a lura cewa "masu" aka ce, ba "mai" ba.