Na kawo sabuwar kaza, tsofaffin sun hana ta sakat

TAMBAYA: Assalamu alaikum malam. Dan Allah a taimaka min da shawara. Ina da kajin gida guda shida da zakara ɗaya a bayan gida, ranar Talata na je kasuwar Kawo na sayo wata sagara mai kyau, ina dawowa na sake ta cikinsu, wallahi tun daga ranar ba su barta ta huta ba, sun fige mata gashin ƙeya har jini ya fito, ko dusa na zuba bata isa ta matso ba sai dai ta laɓe bayan randa. In yanka ta ne ko akwai dabara?
Daga wata mai karatu a Rigasa, Kaduna

AMSA: Wa alaikumus salam 'yar uwa. Kar ki yanka ta, amma yau ɗinnan ki cire ta daga cikinsu. Kaza in ta ga jan jini a jikin 'yar uwarta bata daina saran wurin, har kashe ta suna iya yi. Ki wanke ciwon da ruwan ɗumi da ɗan gishiri, ki shafa mata GV, shuɗin maganin nan da ake samu a kemis, yana busar da ciwo kuma yana rufe jan.

Faɗan nasu ba baƙon abu bane, kaji kowacce ta san matsayinta, ta san wadda ke fara cin abinci da wadda ke kwana a sama, baƙuwa na shigowa sai an sake wannan lissafin. Wannan zai wuce. Ni abinda yafi damuna a wasiƙarki shine daga kasuwa kai tsaye kika sake ta cikin naki. A kasuwa kaji daga ƙauyuka daban daban ake cusawa keji ɗaya, suna shan ruwa a mazubi ɗaya, kuma cutar Niyukasil, wadda ke share akurki gaba ɗaya musamman in hunturu ya shigo, tana iya kai kwana 15 a jikin kaza kafin ta nuna alama. Sai kiga kaza garau ranar da kika saya, bayan sati kajin da kika shekara kina wahala dasu sun fara zubewa. Mu a nan bai kamata mu yi wasa da wannan ba, domin murar tsuntsaye nau'in H5N1 da ta fara ɓulla a Afirka a shekarar 2006 a wata gona ce a Jaji, ƙaramar hukumar Igabi, nan kusa damu.

Saboda haka duk kazar da aka sayo a ware ta tukuna, sati uku zuwa wata guda, a can gefe nesa da sauran, da mazubin ruwanta da na abincinta daban. Kullum ki fara da tsofaffin sannan ki je wajenta, ki wanke hannu bayan kin gama. Ki riƙa duba kashinta, in ya zama kore ko fari tsululu akwai matsala, haka in tana minshari, ko majina a hanci, ko ta takure ta saki fukafukai, ko wuya ya fara murɗewa. Ki ɗaga fiffikenta ki duba ƙarƙashin jela ko akwai ƙwarƙwata, ki ajiye mata busasshen yashi da toka ta yi birgima. Tunda ke sun riga sun cuɗu, to dukkansu zaki sa wa ido na sati biyu. In kika ga suna mutuwa farat ɗaya kar ki sayar kar a ci, ki nemi likitan dabbobi.

In ta fita lafiya sai a zo maganar haɗawa, kuma nan ne mutane ke gaggawa. Ki sa ta a keji mai waya ko ki kife ta da babban kwando a inda sauran ke yini, cikin inuwa, suna ganinta tana ganinsu amma baki baya kaiwa, ki watsa tsaki ko gero a kewayen kejin su riƙa ci kusa da juna, kamar sati ɗaya. Ranar farko zakiga babbar cikinsu tana zagaye kejin ta kumbura wuya, kafin kwana huɗu ko biyar ta daina kula ta. Daga nan sai ki bari sai bayan isha'i sun kwanta ki ɗauke ta a hankali ki ajiye cikin akurkin, kaji basa gani sosai a duhu ba zasu taso mata ba. Amma ki fito da asuba ki buɗe musu, kar gari ya waye suna rufe tare a ƙuntataccen wuri babu inda zata gudu.

Mazubin abinci da na ruwa ki yi biyu biyu, nesa da juna, ki jingina wani tsohon katako a bango yadda zata samu wurin fakewa. Ɗan sara da kora zai ci gaba na sati ɗaya ko biyu, ki ƙyale su. In kuma akwai guda ɗaya da ta ɗora mata karan tsana har tana fitar da jini, ita zaki ware na kwana uku, ba baƙuwar ba.

Gaba in zaki ƙara sayowa ki sayo biyu, saran yakan rabu a tsakaninsu, kuma girmansu ya zo kusa da na gida. Sannan dan Allah ki tambayi likitan dabbobi rigakafin cutar Niyukasil, wato Lasota ko I-2, da cibiyar binciken dabbobi ta Vom ke yi, a basu kafin sanyi ya shigo, a riƙa maimaitawa duk wata uku zuwa huɗu, masu lafiya kawai ake baiwa. In kinga baƙuwar ta daina ƙwai na 'yan kwanaki kar ki damu, canjin wuri ne, zata dawo.