Majigin leza mai wat 3: yadda nake auna nawa

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Na ga tambayarka: ka sayi majigin leza an rubuta wat 3 a jikinsa, kana son sanin ko da gaske ne, kuma ko manhajar auna haske ta waya ko maltimita (na'urar auna wutar lantarki) za su iya gaya maka.

Waya dai ajiye ta gefe, hasken zai iya lalata mata kyamara. Maltimita kuwa wutar da ke shiga take nuna maka, alhali mafi yawanta zafi take zama, ba haske ba. Ido ma ba alƙali ba ne a nan. Ya fi jin haske mai tsawon zango wajen nanomita 555 (wannan tsawon ne ke bambanta launi da launi), shi ya sa kore mai 532 yake fin shuɗi mai 445 haske sama da ninki ashirin ko da ƙarfinsu ɗaya. Shuɗin da kake gani dishi-dishi sau da yawa shi ne mafi ƙarfi a akwatin, kuma da shi masu sayarwa suke cike adadin wat, don ya fi araha.

Mitar leza iri biyu ce. Akwai mai fotodayod, wato ƙwayar da ke mayar da haske ya zama lantarki, tana da sauri, amma sai ka saita mata launin da kake aunawa, kuma ƙarfi kaɗan take ɗauka. Akwai mai auna zafi, wadda baƙin faifanta ke shanye hasken ya mayar da shi ɗumi. Ita nake ba ka shawara, don kusan duk launi ɗaya ne a wurinta. Na Ophir, Coherent da Thorlabs suna da tsada, suna zuwa da takardar daidaitawa. Mitar LaserBee kuwa an yi ta ne don irinmu masu yi don sha'awa.

Sai dai mai zafin tana da halinta, kuma a nan na sha wahala. Rannan ina aunawa a shago, lamba tana hawa tana sauka, har na fara zargin majigin. Ashe fankar sama ce ke hura kan mitar, ga kuma hannuna da ke riƙe da shi. Tun daga ranar nake kafa shi a kan tebur, in kashe fanka, in bar shi ya saba da ɗakin, in mayar da shi sifili, sannan in buɗe haske in jira lambar ta tsaya. Majigin ma ka bar shi ya yi ɗumi na 'yan mintuna. Kada ka tattara hasken ya zama ɗigo a kan faifan, zai ƙona baƙin shafen, kuma ka ɗan karkata faifan kaɗan don kada haske ya koma cikin dayod, wato ƙwayar da ke fitar da hasken leza.

Abin da ya fi ba ni haushi koren 532 ne mai araha. A cikinsa dayod mai 808 ke kunna wani ƙarau ya fitar da 1064, sannan wani ƙarau ya raba tsawon biyu ya zama 532. In ba a sa filtar da ke tare su ba, 808 da 1064 ɗin da ido ba ya gani suna fita tare da koren, mita kuma duk za ta haɗa ta ƙirga. Na taɓa sayen wani, na auna na yi murna, da na sa filta a gaba sai lambar ta faɗi warwas. Koren dayod mai 520 ba shi da wannan matsala.

Wurin aunawa kuma shi ne bakin tagar da haske ke fita. Wat 3 ɗin nan galibi jimillar dayod uku ce kafin hasken ya bi ta madubin haɗa launi, madubai biyu masu kaɗawa, da gilashin taga, kowanne da abin da yake ci. In ƙurar hunturu ta kwanta a kansu, abin ya ƙaru. Ka tura ɗigo ɗaya a tsaye daga manhajar da ke sarrafa majigin, launi a cike, wato bolt 5 a layin ILDA, kebul ɗin da ke kai wa majigin umarni. In yana zana hoto, lambar ba za ta yi daidai ba, don yana kunnawa yana kashewa. Wasu majigan suna datse haske da zarar madubai sun tsaya, to ka duba littafin naka. Auna ja shi kaɗai, kore, shuɗi, sannan fari.

Don Allah ka sa tabarau na leza wanda aka rubuta launukan da yake tarewa, ba na walda ko na rana ba. Duk abin da ya wuce miliwat 500 aji na 4 ne, mafi haɗari, a ma'aunin tsaron leza na IEC 60825-1, ko hasken da ya dawo daga bango yana iya cutar da ido. Cire agogo da zobe, kulle ƙofa saboda yara. In za ka kai shi wurin biki, hasken ya tsaya sama da kawunan mutane.

In ka auna, turo lambobin launukan uku, ka kuma faɗa mini korenka 520 ne ko 532, sai mu duba tare.