An Kai Ni Kotu a New York Kan Kuɗin Ciyar da 'Ya'yana, Ina Tsoron Ɗauri

Assalamu alaikum Anti, Allah ya ƙara basira. Ni magidanci ne, shekarata 41, ina zaune a Bronx cikin birnin New York, sana'ata tuƙin tasi. Mun rabu da uwar 'ya'yana sama da shekara uku ke nan, yara biyu suna hannunta, mace da namiji. Kotun iyali ta yanka mini dala 230 duk mako, kuma Allah shaida ne ban taɓa fashi ba, sai bara da wata mota ta daki tawa ta baya ina cikin aiki, na samu ciwon baya mai tsanani. Na yi watanni ban iya zama a kujerar mota ba. Yanzu na koma, amma rabin yini kawai nake iyawa, abin da nake samu da ƙyar yake biyan kuɗin ɗaki da hayar motar.

Duk da haka ban yi watsi da yaran ba. Ranar da na samu nakan kai mata dala 50 ko 100 hannu da hannu, na saya musu rigunan sanyi da takalma da kayan sallah. Ban karɓi rasit ba, don wa ke neman rasit wurin uwar 'ya'yansa? Ga mahaifiyata a gida, ni ke riƙe da ita, duk wata sai na aika mata dala 200 na abinci da magani.

To yanzu an kawo mini sammaci. Sun ce bashin ya haura dala 7,000, ana tuhumata da ƙin bin umarnin kotu da gangan, kuma a jikin takardar an rubuta cewa za a iya ɗaure ni wata shida. Tun daga ranar ba na barci. A masallaci wani ya ce kada in je, in na je daga can sai gidan yari. Wani ya ce in sayi tikiti in tafi gida har ƙura ta lafa. Wani kuma ya ce tunda ta hana ni ganin yaran wata biyu, babu wanda zai tilasta mini in biya. Liman ya ce zai tura dattawa su roƙe ta ta janye ƙarar. Anti, wanne zan ɗauka?

Ɗanki daga Bronx

Wa alaikumus salam ɗana. Allah ya ba ka lafiya, ya yaye maka wannan damuwa.

Ka je kotu ranar da aka sa maka, kuma ka je da wuri. Wanda ya ce kada ka je, shi ne yake nuna maka hanyar gidan yari, domin in ba ka bayyana ba alƙali zai iya ba da izinin kama ka, ko a yanke hukunci a bayan idonka. Tafiya gida kuma ba ta goge ko dala ɗaya. Bashin zai ci gaba da hawa duk mako, kuma idan fasfo ɗin Amurka kake riƙe da shi, da zarar irin wannan bashi ya wuce dala 2,500 ana iya hana ka sabuntawa.

Abin da dokar New York take hukuntawa da ɗauri shi ne mutum yana da hali ya ƙi biya. Wanda ya kasa, ba shi ake nufi ba. Sai dai ga inda gizo ke saƙar: da zarar an nuna wa kotu cewa ba ka biya ba, ana ɗaukarsa da gangan ne, sai nauyin ya dawo kanka, kai za ka kawo hujjar cewa ba ka da hali. Babbar kotun jihar ta tabbatar da haka tun 1995 a shari'ar Powers. Kotun Ƙolin Amurka ma, a shari'ar Turner da Rogers ta 2011, ta soke hukuncin ɗaurin shekara guda da aka yi wa wani uba a jihar South Carolina saboda alƙalin bai bincika ko mutumin yana da halin biya ba. Wato tambayar da za a yi a kanka guda ce: a watannin nan, kana da shi ka hana, ko babu ne?

Rantsuwa ba ta amsa wannan tambaya a gaban majistare, wato jami'in da ke sauraron shari'ar kuɗin ciyar da yara a kotun iyali. Na san mutanenmu, sai mutum ya tsaya yana wallahi tallahi bayana ke ciwo, majistare yana kallonsa yana jiran takarda. Ba a fafe gora ranar tafiya, tun yau ka fara tarawa: rahoton 'yan sanda na haɗarin, takardun asibiti da hoton da aka ɗauki bayanka, da wasiƙar likita wadda ta faɗi ƙarara daga yaushe zuwa yaushe ba ka iya aiki, da kuma awa nawa za ka iya zama a mota yanzu. Wannan wasiƙar ta fi komai nauyi, don kotunan New York ba sa karɓar uzurin rashin lafiya da fatar baki. Haɗa da bayanin asusunka na banki na duk watannin, takardun haraji, lissafin abin da kake samu kowane mako kafin haɗarin da bayansa, rasit ɗin haya. Idan ka nemi wani aikin da ba na zama ba, ko gadi ne ko tsaron shago, ka rubuta inda ka je da ranar. Za su tambaye ka me ya hana ka neman wani abin yi, kuma tambaya ce mai kyau.

Kada ka shiga kai kaɗai. A jiharku, duk wanda ake tuhuma da irin wannan laifi da ke iya kai shi ɗauri yana da haƙƙin lauya, in ba shi da kuɗi kotu ta ba shi kyauta. Ranar farko ka buɗe baki ka nema. Tafinta ma kyauta ne, ka nemi na Hausa tun kafin ranar ko da kana jin Turancin kasuwa, saboda Turancin kotu daban ne. Kuma majistare ba ya ɗaure mutum da kansa, shawarar ɗauri yake bayarwa, alƙali ne ke tabbatarwa. Sau da yawa akan sa wani adadi a ce in ka biya shi ka tsira daga ɗaurin.

Yanzu bari in faɗa maka abin da ya fi ɓata mini rai a wasiƙarka. Ranar da ka kwanta ciwo ya kamata a shigar da takardar neman rage kuɗin. Dokar tarayya ta 1986 ta hana kowane alƙali a Amurka ya koma baya ya rage bashin ciyar da yara da ya riga ya taru, ragi yana farawa ne daga ranar da ka shigar da takarda. Duk makon da ka yi shiru, dala 230 ce cif ta hau kanka, ko kana kwance a asibiti. Don haka kada ka jira ranar sammaci, cikin makon nan ka je kotun iyali ta Bronx da ke titin Sheridan ka shigar. Kana da madafa: dokar jihar ta yarda a sake duba hukunci idan shekara uku ta wuce da yanke shi, ko kuma abin da mutum ke samu ya sauya da kashi 15 cikin ɗari ba da son ransa ba. Na yara biyu kashi 25 cikin ɗari na samunka ake lissafawa, in samun ya ragu a kan gaskiya, kuɗin zai ragu. Ka kuma sa lauyan ya duba watannin da ba ka samun komai, don akwai ƙa'idar da ta ce bashin da ya taru lokacin da samun mutum ya faɗi ƙasa da ma'aunin talauci na gwamnati ba ya wuce dala 500. Tunda a bakin aiki aka buge ka, tambaye shi batun diyya ma. Direbobin da ke ɗaukar fasinja ta manhaja irin su Uber suna da asusun Black Car Fund.

Kuɗin hannu da hannu da kayan sallah, ka shirya zuciyarka, mai yiwuwa a ɗauke su kyauta ce ka yi wa 'ya'yanka. Idan akwai saƙon waya da ta ce ta karɓa, ka ajiye ka nuna wa lauya. Daga yau ko dala 40 ce, ta ofishin karɓar kuɗin ciyar da yara za ka biya, kuma duk mako, kada ka tsallake. Majistare da ya ga mutum yana biyan kaɗan kaɗan ba fashi, ya san ba mai taurin kai ne a gabansa ba. Ka kuma tuna lasisinka shi ne abincinka, kuma bashin da ya kai na wata huɗu ya isa a dakatar da shi.

Maganar Hajiya mahaifiyarka tana da zafi, amma gara ka ji ta daga bakina. Wannan dala 200 za ta fito a bayanin bankinka, kuma lauyan ɗaya ɓangaren zai ɗaga takardar ya ce ga shi yana da kuɗin aikawa ƙasar waje amma ba shi da na 'ya'yansa. Kotu ba ta san haƙƙin uwa yadda muka san shi ba. Kada ka ɓoye, ƙarya ɗaya in aka kama ta rushe duk sauran hujjojinka. Ka kira 'yan'uwanka ka gaya musu halin da kake ciki, su ɗauki nauyin Hajiya na wasu watanni. Na tabbata ita kanta da ta san ana maganar ɗaure ɗanta saboda abincin jikokinta, ita za ta fara cewa ka tsayar. Ko a addini ciyar da yara wajibi ne a kan uba gwargwadon ƙarfinsa, haka aya ta 7 ta Suratuɗ Ɗalaƙ ta ce.

Hana ka ganin yara ba daidai ba ne, amma a kotu shari'a ce daban. Ka shigar da taka ƙarar ta neman ganinsu, kada ka riƙe abincinsu don ka rama.

Dattawa kuma su je, sulhu alheri ne, amma da sharaɗi. Su je da lallashi, ban da gori, ban da cewa ta tona asirin uban 'ya'yanta, domin ita ma wata da watanni ita kaɗai ke biyan haya da abinci a garin da komai sai kuɗi. Idan akwai umarnin kotu da ya hana ka tuntuɓarta, to ko ɗan aike kada ka tura. Tana da ikon yafe abin da take binka, sai dai a yi shi a gaban kotu a rubuce. In kuwa tana karɓar tallafin kuɗi na gwamnati, wani ɓangare na bashin hukuma ce ke binka, ita ba ta da ikon yafe shi. Ko ta ce wa liman ta janye, kai dai ka halarci zaman da takardunka a hannu har sai ka ji daga bakin majistare.

Anti