Hayaƙin da ake binnewa zai iya ɓata mana ruwan sha?

Tambaya: Malam, ni mai gyaran famfo ne a Tawa. Na ji a rediyo wai ana kama hayaƙin masana'antu a tura shi ƙarƙashin ƙasa. In an fara ƙona gawayin ƙasa na Salkadamna da ke yankinmu aka kawo mana wannan dabara, ruwan rijiyoyinmu zai tsira?

Amsa: Ɗan'uwa, tambayarka a kan hanya take. Iskar kabon da ke cikin hayaƙin ce ake matsewa a tura ta zurfin da ya wuce mita 800, ƙarƙashin dutsen da ba ya yoyo. Ƙasar Nowe na yin haka a Silefna, wata mahaƙar iskar gas da ke cikin teku, tun 1996. Maƙwabciyarmu Aljeriya ma ta binne tan miliyan 3.8 a In Salah daga 2004, ta dakata a 2011 bayan tauraron ɗan'adam ya nuna ƙasar wurin tana ɗagowa, aka ji tsoron dutsen saman ya tsage.

In iskar ta sulale ta haɗu da ruwa, sai ruwan ya yi tsami, ya narko da abin da ke kwance cikin dutse: dalma, ƙarfe, da gubar arsenik. Hukumar Lafiya ta Duniya ba ta yarda arsenik ya wuce mikrogiram 10 a lita ba, kuma harshe ba ya jin sa. Matsin iskar kansa kan tunkuɗo ruwan gishiri sama. Hanyar da ta fi saurin yoyo kuwa ka fi ni saninta: tsohuwar rijiya mai ruɓaɓɓen bututu da simintin da ya fashe.

Ga abin da ya fi damuna. A wurare da yawa ruwan sha yana kusa, ma'ajiyar iskar tana can nesa da shi. A nan Adar kuwa sau da yawa sai an haƙa ɗaruruwan mitoci, kusa da zurfin da za a binne iskar, kafin a tarar da ruwa mai daɗi, ruwan da ya taru tun dubban shekaru, wanda muke sha tare da Mali da Najeriya. In ya ɓaci, damina goma ba ta wanke shi.

Saboda haka duk ranar da aka zo da maganar, ku nemi a auna ruwan kowane famfo kafin a fara, a ba ku takardar sakamakon a hannu. A ƙirga tsofaffin rijiyoyi masu zurfi a toshe su, a kuma faɗi wanda zai biya in ruwa ya lalace bayan kamfani ya tashi.