Jariri ne a kan tebur, me ya sa sai da rigar darma?

Ɗana, ka ce tunda jariri ake wa aiki, kuma hasken eksire da jikinsa ke buƙata kaɗan ne, me ya sa nake hana ka shiga ɗakin kateta, inda ake zura siririn bututu ta jijiyar jini zuwa zuciya ana dubawa da eksire, ba rigar darma, nake kuma ta cewa ka ja da baya. Kana da gaskiya ta wani ɓangare: jikin da bai wuce kilo 4 ba ba ya watso haske kamar na mutum mai kilo 80.

Amma fara sanin ta inda hasken ke samun ka. Daga na'ura jikin majinyaci yake nufa, sannan ya fantsamo ta ko'ina, kamar ruwan da aka kwara a kan dutse. Wanda ya fi kusa shi ya fi jiƙewa, kuma aikin yara kusa yake jawo kowa. A babban mutum akwai tazara tsakanin matsematsi, inda ake zura kateta, da ƙirjin da ake haskawa. A jariri bai fi taƙi ɗaya ba. Hannun likita na bakin haske, mai ba da maganin barci yana sunkuye a kan yaron, kai ma kana gefe riƙe da wayar da ke yi wa kateta jagora. Ga shi toshe hudar zuciya ko buɗe ƙofar jinin da ta tsuke yakan ci lokaci, sau da yawa kuma da bututun haske biyu ake yi, ɗaya ta ƙasa, ɗaya ta gefe. Na gefen nan ka kula da shi: ɓangaren da haske ke shiga jiki ya fi fantsami, don haka ka tsaya ta wajen da ake karɓar hoton in da hali.

Ja da bayan da nake sa ka lissafi ne. In ka ninka nisanka sau biyu, abin da ke samun ka yakan koma kusan kashi ɗaya cikin huɗu. Ba ka da abin yi a bakin tebur a lokacin, to matsa.

Abin da ya fi damuna idanunku ne, ku masu tasowa. Riga ta rufe ƙirji da ciki, ta bar fuska a fili, kuma yanar idon da haske ke jawowa sai bayan shekaru take fitowa. A 2011 hukumar duniya mai ba da shawara kan kariya daga irin wannan haske, ICRP, ta sauko da iyakar abin da ido zai ɗauka daga milisibat 150 a shekara (ma'aunin hasken da jiki ya sha ke nan) zuwa 20, a matsakaicin shekara biyar, ba tare da wata shekara ta haura 50 ba. Saboda haka tabarau na darma dole ne, kuma garkuwar gilashin da ke rataye a silin a jawo ta tsakanin fuskar likita da yaron. Labulen darma na ƙasan tebur ma kar ka ɗage shi don ya tsare maka hanya, ƙafafu yake karewa.

Sauran a hannunmu yake wajen saita na'ura, kuma duk abin da ka rage wa yaron ka rage wa kanka. Ka tsuke tagar haske ta tsaya kan zuciya kawai. Inda likita ya yarda, ka sauko da hotuna daga 15 a daƙiƙa zuwa 7.5; zuciyar jariri tana gudu, wani wurin sai da yawa, shi zai faɗa maka. A ƙananan jarirai mukan cire girid, wato farantin da ke tace fantsamin haske a gaban wurin karɓar hoto. Ɗaukar hoton ajiya ya ninka leƙen yau da kullum, wanda ake yi a allo ana cikin aiki, cin haske sau da yawa, ba a yin sa sai da dalili. Ƙafa kuma ba ta zama a kan fedar da ke kunna haske in ido ba ya kan allo.

Bajon da ke ƙirga hasken da ka sha, ka maƙala shi a wuya ta saman riga, in an ba ka biyu ɗayan ya shiga ƙarƙashinta. Kar ka ara wa kowa, kar ka bar shi cikin ɗakin in ka tashi. Rigar kuwa rataye ta ake yi. In ka naɗe ta darmar ciki na tsagewa ba ka gani ba. Gobe kafin a shigo da yaron farko za mu haska rigunan ɗaya bayan ɗaya, in nuna maka yadda tsaga take fitowa a allo.